Furanni Sun Shiga, Waina Ta Tsaya a Ƙofa

Zuwa ga Mai Girma Manajan Zauren Lu'ulu'u da ke Maitama, ma'abocin kujeru masu ruwan zinariya, wanda ba a ganinsa sai an cike takarda.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, da kuma furanninka da na ji an ce ba sa jure zafi.

Ni ce mahaifiyar Nazeefa, wadda za a yi walimar aurenta da Hanif a zaurenka ranar Asabar ta ƙarshen watan nan. Sau uku ina tasowa daga Jikwoyi don in gan ka, sau uku ana ce min oga yana mitin. Shi ya sa na biyo ta jarida, ko Allah zai sa ka karanta tsakanin wannan mitin da wancan.

Ba da ka muka zaɓi wurinka ba, ranka ya daɗe. Tun da farar hula suka dawo mulki, Abuja ta cika da zaurukan biki, kuma sai da muka zaga su. Mun ga wani a Wuse, wanda baƙo zai ajiye motarsa a wata unguwa ya ƙaraso da ƙafa. Mun ga wani lambu a Garki, na tambayi mai shi, in ruwa ya sauko fa? Ya ce sai a yi addu'a. Na ce masa addu'a kullum muna yi, yau rufi muka zo nema. Ni da za a bi tawa, filin firamaren unguwarmu da rumfa huɗu sun ishe mu. Amma da muka shigo naka, Nazeefa ta ɗaga kai ta ga fitilu suna reto, ta matse min hannu ta ce, "Mama, nan." Auta ce. Na amince.

Ga abubuwan da na gani bayan amincewar nan, ina gabatar da su cikin ladabi.

Na ɗaya, maganar kati. An ce kati ɗaya, mutum ɗaya. Ban san inda Mai Girma ya taso ba, amma a wajenmu in ka gayyaci mace ka gayyaci maƙwabciyarta, da ƙanwar mijinta, da baƙuwar da ta sauka a gidanta jiya. Wa zai tsaya a ƙofa ya ce wa matar da ta kwana da ni a asibiti sunanta ba ya cikin takarda? Duk da haka na haƙura. Na bi gida-gida ina ba da haƙuri kamar wadda ta yi laifi.

Na biyu, furannin kan tebur. Madam Jennifer, mai ƙawata zaurenka, mace ce mai tarbiyya, har ƙasa ta durƙusa ta gaishe ni, ba ni da ƙorafi a kanta. Ta shirya mana tebur guda don mu ga samfuri. A tsakiyarsa ta kafa wani gilashi mai tsayin taɓarya, ta ɗora masa dami guda na furanni, ganye yana zubowa ta ko'ina. Na zauna a wannan gefe, na sa Nazeefa ta zauna a wancan. Muryarta kawai nake ji. To, ranka ya daɗe, me ake zuwa yi biki in ba ganin juna ba? Ta yaya zan gane wacce ce a cikin gwaggwannin ango take yamutsa fuska, in san da wa 'yata za ta zauna? A bayan ganye za a ƙulla zumunci?

Na uku, launi. Na tambayi Madam Jennifer wane launi ne wannan, ta faɗi wani dogon suna da Turanci. Na sa tabarau na duba da kyau, ruwan kunun gyaɗa ne. Sannan aka ce dole ankon mata ya dace da shi, kada a ɓata hoto. Mu da muka taso, wuri ake yi wa ado saboda mutane. Yanzu na ga mutane ake yi wa ado saboda wuri.

Na huɗu, an ce furannin nan ta jirgin sama za su zo daga ƙasar waje. Suna da motarsu mai sanyi, da ɗakinsu mai sanyi, da ma'aikata biyu masu fesa musu ruwa. Na sunkuya na sansana ɗaya, ko ƙamshi babu. Na tambaya, in an tashi biki ina za a kai su? Aka ce shara. Inna lillahi! Abin da ya hau jirgin da ni ban taɓa hawa ba sai a tafiyar Hajji, rayuwarsa awa huɗu ce a kan tebur? Wannan darasin za mu koya wa yara ranar da suke kafa gida? Da na nemi a nuna min inda mata za su yi sallar La'asar, sai aka zaga da ni wani lungu a bayan janareta. Ban ce a kori furanni daga ɗakinsu ba. Tambaya kawai nake, ko za su yarda su matsa kaɗan a shimfiɗa darduma?

Na biyar, kuma shi ne abin da ya sa na ɗauki biro. Doka ta goma sha huɗu a takardarka ta ce ba a shigo da abinci daga waje.

Bari in gabatar maka da Yaya Hajjo, tunda ba ta cikin takardunka. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune a Bwari. Ita ta yaye Nazeefa, a hannunta yarinyar ta tashi har ta gama firamare. A al'adarmu uwar da ta haifa ba ta shiga gaba a bikin 'yarta, gefe take komawa. Yaya Hajjo ce uwar amarya. Ita za ta yi mata nasiha, ita za ta kama hannunta ta miƙa wa dangin miji. Kuma shekara talatin ke nan ba a yi aure a danginmu ba tare da wainarta ba. Tandar da take suya a ciki ta mahaifiyarmu ce. Ba ta da atamfa mai tsada da za ta ba 'yarta, ba ta da mota. Waina da miyar taushe su ne gudummawarta, kuma tun watan jiya ta tsince shinkafarta ta ajiye.

Da aka gaya mata dokarka, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "To, inda tandata ba ta shiga ba, ni me zan shiga in yi? Allah ya ba su zaman lafiya." Daga ranar ta daina ɗaukar waya. Nazeefa ta daina cin abinci, har tela ya rage mata riga sau biyu. Amarya ga zaure, ga furanni, babu mai miƙa ta.

Na roƙi ma'aikatanka. Suka ce ƙamshin mai zai kama labule, kuma waina ba ta shiga tsarin tebur ba. Suka nuna min abin da za a raba a madadinta, wasu 'yan ƙananan abubuwa a soke da tsinken sakace, waɗanda in mutum ya yi atishawa sai ya neme su ya rasa. Da wannan za a tarbi dangin ango da za su taso tun daga Zariya? Labule ne zai riƙa zuwa duba 'yata in ta haihu?

Ban rubuto don ka canza dokarka ba. Gidanka ne, kuma ni mace ce mai bin doka. Na rubuto ne in sanar da kai abin da aka shirya, don kada ka ji a bakin wani.

Ran da na fito daga ofishinka karo na uku, na tsallaka titi ina jiran tasi. Daidai ƙofarka akwai wani bawan Allah, Meshach, mutumin Pankshin, mai sayar da dashen furanni a bakin hanya. Ya ga na gaji, ya jawo min benci ƙarƙashin bishiya, ya ba ni ruwa. Furanninsa a cikin ƙasa suke, da ransu, suna ƙamshi, har da ƙudan zuma yana kewaya su. Na ba shi labari. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wuri akwai. A kawo tanda, a kawo tabarma. Ni dai a ajiye min masa goma da miya."

Washegari na tafi Bwari da ƙafata. Yaya Hajjo ta saurare ni tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba. Da na gama, abu biyu ta tambaya: akwai inuwa? Kuma ta ina iska take kaɗawa? Na ce inuwa har ta yi yawa, iska kuma, in ji Meshach, da yamma ƙofarka take nufa. Ta ajiye rariya ta ce a ƙaro mata shinkafa kwano biyar.

Saboda haka roƙona biyu ne, kuma ƙanana. Ka umarci masu gadinka, waɗanda na san sun ƙware wajen hana shiga, kada su hana kowa fita. Sannan ka ba mu aron guda ɗaya ya riƙa tsayar da motoci, domin akwai tsofaffi a cikin masu tsallakawa, kuma amarya da doguwar riga za ta tsallaka. A can za a yi mata nasiha bayan La'asar, a can uwarta za ta miƙa ta.

In ka leƙo wajen ƙarfe huɗu ka tarar zaure ya yi tsit, kada hankalinka ya tashi, ranka ya daɗe. Furanninka suna nan lafiya, babu wanda zai dame su.

Ina mai sunkuyar da kai gaban girmanka da girman zaurenka,

Taka mai biyayya ga kowace doka da ke cikin katangarka,

Hajiya Asabe Yamusa,
Jikwoyi, Abuja.