Dutsen Goge Kaushin Kaka

"Lafiya lau, angon banza. Yau kuma me ka zo sata?"

Haka Kaka ta amsa gaisuwar yayana Dogo, ƙafarta cikin roba tana gurzar kaushi. Ni dai na san akwai magana. Motar makaranta ta tafi jerin tsaunukan bayan gari ta bar shi yana barci, kuma malaminsu ya ce duk wanda bai kawo dutse mai hoton katantanwa gobe ba, ya faɗi jarrabawa. Irinsa kuwa shi ne a hannun Kaka.

"Amarya, dutsen nan za ki ara min."

"Ka ji ɓarawo da sallama. Ya yi maka me?"

Ya gyara zama ya ce wai tsaunukan nan a da ƙarƙashin teku suke. Kaka ta dube ni, ni ma na dube ta, don wallahi ban gane ba.

"Tekun ne ya hau tudu? Da tsani?"

"Ƙasar ce ta tattare ta taso, kamar a tura tabarma jikin bango."

"To me ya sa suke gajeru?"

"Tsufa. Ruwan sama ke cinye su, kamar yadda shekaru suka cinye ki."

"Gara ni, na gajarce da hankalina. Kai tsawon ne kawai, kamar sandar rake ba zaƙi. Yanzu hawa suke ko sauka? Ka tsaya wuri ɗaya."

Dogo ya fara zufa, ya ce duka biyun. Ta ce idan wannan ne karatun, gara barcin nasa. Sai kuma ta tsame dutsen, ta juya shi tana shafa zanen katantanwar da babban yatsa.

"Wai da gaske ana samun wannan a can sama?"

"Birjik ma."

Ta ƙura wa dutsen ido. Marigayi kakanmu ne ya kawo mata shi, ya ce daga ƙololuwar tsauni ya tsinto. Ita kuwa har ya rasu tana ce masa maƙaryaci, a bakin kogi ya ɗauka, ya hutar da ƙafarsa.

Ta yi dariya, ƙwalla na bin kuncinta, ta miƙa wa Dogo dutsen.

"Ungo. Ka ce wa malaminku rabin ruwan sama ya ci, rabin kaushina. Kuma ka dawo min da shi. Ashe tsohon nan ya hau."