Gurbin Hannu

"Lafiya lau, in dai ba ka cinye min ƙofa ba," in ji Kaka, tana kakkaɓe garin katako daga benci kafin ta zauna.

Da aka rushe tsohon gida, abu ɗaya ta hana a zubar: ƙofar ɗakin marigayi mijinta. Gara ta ci gindinta, amma a gefe akwai inda katakon ya loɓa, ya yi baƙi da santsi, wurin da tafin hannunsa ke turawa in ya dawo. Jikanta masassaƙi ya ɗauke ta, wai zai mai da ita abin amfani. Shi ne ta biyo sawu.

"Wace ƙofa? Wadda gara ma ta ɗanɗana ta tofar?"

"Da tsohuwar zuma ake magani, mai gemun aro."

"Amarya, ki ji tsoron Allah. Ga mijinki a tsaye da ransa, kina bin katako."

"Miji? Wanda ya jiƙa min zanen goyo? Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Kakanka in ya yi gyaran murya, gida tsit. Kai in ka yi, ruwa ake miƙo maka."

Ya jera mata abin da ya fitar: cokula, mataji, da ɗan akushi da ya gurza a inji. Ta riƙa ɗauka tana juyawa. Duk fari tas, sai ƙamshin sabon abu.

"Ina wurin?"

"Wane wuri?"

"Kar ka raina min hankali."

"Au, dauɗar nan? Na kankare. Ashe tsohon naki bai san sabulu ba."

Kaka ta ajiye akushin a hankali. Ganin haka ya yi maza ya zaro wata sanda daga bayan benci.

"Sanda kuma? Na sha gaya muku ƙafata ƙalau. Kai wa tsofaffi."

"To kama ki buge ni da ita."

Ta fizge za ta ɗaga, sai tafinta ya faɗa cikin gurbin. A kan sandar ya bar shi, baƙi kamar yadda yake, ko gogewa bai yi ba. Hannunta bai cika shi ba. Da ma can bai taɓa cikawa ba.

"Ya yi miki yawa ko? Kawo in rage."

"Taɓa ka gani."

Ta dogara ta miƙe, ba tare da ta dafa bango ba. Ta goge ido da bakin mayafi, wai garin katako ne, sannan dariya ta ƙwace mata.

"Ka ci, ja'iri. Riƙe cokulan, ladanka ne."

"To maganar aurenmu fa?"

"Matsa min hanya. Ba ka ga tare nake da maigidana ba?"