Injin Sayar wa Gwamnati Wuta

Na manta abubuwa da yawa na zamana a Guangzhou, har da rabin Sinancin da na koya, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na hau saman bene da Alhaji Garba ba.

Shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik ce. Biza ta yi wuya, mutanenmu na unguwar Xiaobei kullum raguwa suke yi, wanda takardarsa ta ƙare sai ya tattara ya koma gida. Ni kuwa ɗan buga-buga ne: in raka ɗan kasuwa kanti, in yi masa tafinta, in kai kayansa wurin masu kago su aika masa gida. (Sinancin nawa bai wuce na ciniki ba, amma a gaban wanda bai iya ko gaisuwa ba, ni farfesa ne.) Mafita ɗaya gare ni, in samu babban ɗan kasuwa ya ɗauke ni wakilinsa na dindindin, in samu hujjar zama. Alhaji Garba, mai sayar da kayan wuta a Sabon Gari ta Kano, ya zo neman irin wannan wakili, kuma mu biyu ne a ransa, ni da wani Bazazzagi mai shiru-shiru. Na ƙudura sai na nuna masa ni ba ɗan aike ba ne kawai, ina da kai.

Kafin zuwansa na taɓa zama teburi ɗaya da wani Bajamushe a wani otal da ke titin Liuhua Lu. Ya ce a ƙasarsu mutum yakan kafa sola a rufin gidansa, ya sha wutarsa, ragowar ta bi waya ta koma wa kamfanin wuta, ƙarshen wata su biya shi. Ka duba yadda wannan magana za ta zauna a kan mutumin da ya tashi da fitilar ƙwai da hayaƙin janareton maƙwabta. Kwana na yi ina juya ta.

Daga nan na fara ɗaga kai ina kallon rufin gidaje. Benaye da yawa akwai wani abu a kansu: baƙaƙen bututun gilashi a jere, sun kishingiɗa suna kallon rana, ga wani farin tanki kwance a samansu. Gidan da nake haya ma akwai ɗaya. Na hau na duba, sai ga waya ta fito daga jikin tankin, ta bi bango ta gangara har wajen mita. Shi ke nan, na gama bincike. Tankin shi ne batir, wayar ita ke kai wa gwamnati wuta, kuma ga dalilin da ya sa ba a ɗauke wuta a garin. Ban tambayi kowa ba. A wurinmu duk abin da aka shanya a rana aka jona masa waya, wuta ake nema da shi, to me zan tambaya?

A wani gidan abinci na Musulmi kusa da ginin kasuwar Tianxiu na zayyana wa Alhaji komai. Ya ajiye cokali.

"Tsaya, yaro. Su za su riƙa kawo mini bil, ko ni zan kai musu?"

"Kai za ka kai musu, ranka ya daɗe."

Ya yi murmushi, irin murmushin wanda ya daɗe yana jiran ranar ramuwa. Ya ce, "In wannan gaskiya ne, kwantena guda zan cika, kuma aikin naka ne. Amma sai na gani da idona."

Akwai wani Malam Isufu, ɗan kasuwar Maraɗi, da ke cin abinci tare da mu. Ya ce shi ma zai bi mu, don su ma can wutar tasu sai addu'a. Na ji daɗi. Ashe shaida nake gayyata.

Washegari da la'asar muka hau rufin gidan da nake haya, Alhaji yana haki, babbar rigarsa ta jiƙe da gumi. Matar da ke da gidan tana can gefe tana shanya, ta ɗaga mana kai ta ci gaba da aikinta. Na tsaya gaban abin na fara lacca. Na shafa gilashin na ce nan rana ke shiga. Na ƙwanƙwasa tankin na ce nan wuta ke taruwa. (Ya yi wani sauti irin na randa cike, amma na wuce wurin da sauri.) Na bi wayar da yatsa har bakin bango na ce, "Wannan kuma, Alhaji, ita ce hanyar kuɗi."

Ina cikin bayani Malam Isufu ya duba rana ya ce lokacin salla ya yi. Ya hango wani ɗan famfo a ƙarƙashin tankin, wanda ni ban taɓa kula da shi ba. Ya naɗe hannun riga, ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya murɗa. Sai gani muka yi ya yi baya yana yarfa hannu, tururi yana tashi daga siminti.

"Bon," in ji shi, yana hura yatsunsa. "Wanga batir naka, ruwan zahi shika bayarwa."

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa na ce ai ruwan sanyaya inji ne, kamar lagireton mota. Alhaji ya dube ni, ya dubi tururin, ya ce, "Tambayi matar nan."

Na ƙarasa wurinta. Na nuna tankin na tambaye ta da Sinanci ko yana ba da wuta.

"Meiyou," in ji ta.

Da wata kalma ta faɗa, da na san yadda zan lanƙwasa ta. Amma duk wanda ya kwana biyu a kasuwar Guangzhou ya san meiyou tana nufin babu, shi ne abin da ake fara ce maka a kowane kanti. Ba ta tsaya nan ba. Ta kwaikwayi mai zuba ruwa a ka yana cuɗa jiki, sannan ta nuna ni, ta ce ai ni ne ma nake ƙarar da ruwan kowace safiya. Gaskiya ta faɗa. Wata da watanni ina wanka da ruwan zafi ban taɓa tambayar daga ina yake zuwa ba. Na yi ta maza na nuna mata wayar. Ta nuna sama, ta ce ranar da hadari ya rufe rana, wayar ce ke jawo wuta daga mita ta dafa ruwan, ita kuma ta biya.

"Me ta ce?" in ji Alhaji.

Ni ne tafinta, babu wani. Haka na tsaya na fassara masa kunyata jimla bayan jimla, har da maganar wankan, don ya riga ya ga ta nuna ni. Na so ƙasa ta tsage in shige, sai dai muna hawa na ƙarshe.

Bai yi faɗa ba, kuma da faɗan ya fi mini sauƙi. Muka tara ruwa a bokiti muka jira ya huce, muka yi alwala, muka yi salla a inuwar tankin. Sai a matakala, muna sauka, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Kanawa suna da buƙatu da yawa, yaro, amma ban taɓa jin wanda ya yi kukan zafi ya yi masa kaɗan ba."

Bazazzagin ya samu aikin. Takardata ta ƙare, na dawo Kano, na tarar Malam Isufu ya riga ni aiko da labarin ta bakin masu kago. Na daɗe in na ratsa layin 'yan kayan wuta sai wani ya miƙo mini kofi ya ce Injiniya a taimaka da ruwan shayi.

Yau ni ma sola nake kafa wa mutane, ta gaske, kuma an san ni da yawan tambaya har masu gida suna ƙosawa. Ba na jin haushi. Duk wayar da na gani, kafin in ce wa kowa hanyar kuɗi ce, sai na tabbatar ko shigowa kuɗin suke yi ta cikinta ko fita.