Ranar da Na Bugi Yayan Matata a Asibiti

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ce in koyi buga wa 'yata ƙirji ba.

Ni dai mabugi ne. Shekara ashirin da wani abu ina bugun shadda a unguwar Madabo, boko kuwa a aji huɗu muka rabu. 'Yata Nana, mai shekara takwas, an haife ta da wata cuta mai sunan Turanci (har yau ban iya faɗarsa ba). Abin da na gane shi ne majina ce mai kauri take danƙarewa a huhunta, kullum safe da yamma sai an bubbuga mata ƙirji da baya ta fito da ita. Mahaifiyarta, Rabi, ita ke yi. Ni sai dai in ji ƙarar daga soro in wuce.

To, aka kwantar da Nana a asibiti daidai lokacin da Rabi ta haihu, aka yi wa Rabin aiki. Malamar da ke koyar da atisayen numfashi ta ce ba za a sallami yarinya ba sai an sami wanda zai riƙa yi mata a gida. Nana kuma kullum kuka, ita gida take so, ta ga jaririya.

Malamar ta hau bayani. A kwantar da yarinya ta gefe, a ɗora zane. A lanƙwasa tafin hannu kamar za a ɗebi ruwan alwala. Ban da ƙashin baya, ban da ciki. Yarinya ta ja numfashi sau uku, ta hura kamar mai hura wa madubi, sannan ta yi tari. Ko tari ne farko? Wallahi tun daga alwalar nan na ɓace, amma ina ta gyaɗa kai.

"Baban Nana, ka gane?"

"Malama," na ce, "bugu fa sana'ata ce."

(Da na yi shiru, da yanzu ba ni da labarin ba ku.)

Ta ce to in fara gwadawa a jikin babba. Sai ga Yaya Sabo, yayan Rabi, ya zo dubiya, mutumin da ko gaisuwa sai na rusuna. Ya ce don Nana komai zai yi. Ya hau gadon da ke gefe ya kwanta, sanye da sabuwar shadda mai ruwan toka.

Na tsaya a kansa ina lissafi. Dama ko hagu? Ni ne zan ja numfashin ko shi? Ina duban shaddar nan shimfiɗe a gabana, hannuna bai jira ni ba. Na buɗe tafi, na ɗaga tun daga kafaɗa, na sauke. Tas! Tas! Tas!

"Innalillahi! Kai Habu, me na yi maka?"

Hularsa ta yi ƙarƙashin gado, goron bakinsa ya yi tsalle ya faɗa kan takalmin Malama. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "To, shi dai ya fitar da nasa."

Matan ɗakin suka tuntsire da dariya. Wata tsohuwa har tana share hawaye tana cewa, "Bawan Allah, tsohuwar gaba ce?" Duk wannan da sauƙi. Da na juya, Nana ta shige cikin bargo, ido kawai a waje.

"Ni dai Baba ba zai taɓa ni ba. Gara in zauna a nan."

Nan na juya wajen Malama. Na ce, "Malama, gaskiya ban gane komai ba. Ki sake daga farko."

Sai ta zaunar da ni ta yi mini a bayana. Ashe daga wuyan hannu ake yi, ba zafi ko kaɗan, ƙarar kamar ana kaɗa ƙwarya a kife. Kwana uku ina koyo a kan matashi, Nana na kallo tana gyara mini: "Baba, ka sake buɗe hannun." Rana ta huɗu ta kwanta da kanta. Na yi ina gumi, ta hura, ta yi tari, abu ya fito. Washegari aka sallame mu.

Abin da na koya? In an tambaye ni ko na gane, gara in ce a'a tun ɗaki bai cika da 'yan kallo ba. Kuma duk wanda zan gwada sabon abu a jikinsa, kada ya zama mutumin da zan riƙa haɗuwa da shi a kowane suna har ƙarshen rayuwata.