Sabuwar Shekara Mai Warin Daddawa

A wani gari da ake kira Saibaɗi, shekara mutum ce. Tana da ɗaki, tana da tabarma, tana cin tuwo. Al'adar garin ita ce, duk ranar ƙarshen shekara Majalisar Gyaɗa Kai takan zaɓo mace ɗaya cikin talakawa, a lulluɓe ta da sabon mayafi, a shigo da ita ta Ƙofar Marhaba da kiɗa da guɗa, a ce ga Sabuwar Shekara ta iso. Daga nan sai Gidan Shekara, inda za ta zauna, ba a ganin fuskarta, ba a kiran sunanta. In alheri ya samu, a je fada a gode wa Sarki Ana-Nan-Ana-Shiri. In akasi aka samu, kowa ya san ɗakin da zai nufa. Ranar da wa'adinta ya cika kuma, a bi ta da tsintsiya har Ƙofar Sauka Lafiya, ba ta ƙara kwana a garin.

Shekarar da ake ciki, Tasalla ce, mai daddawa ta Unguwar Haƙuri. Doka ta hana a sani, amma hanci bai san doka ba. Duk wanda ya durƙusa gaban mayafin nan sai warin daddawa ya gaishe shi kafin ita ta amsa.

Ba dole aka yi mata ba. Sarkin Kirdado, wanda aikinsa shi ne faɗin abin da zai faru baɗi, shi ya tabbatar mata cewa shekararta daban ce, alheri zai yi yawan da ba wanda zai tuna inda ya ajiye tsintsiya. Ta yarda. Ta kife tukwanenta, ta ba maƙwabciyarta Kande ajiyar akuya, ta ja ƙofa ta tafi.

Watan farko ta sha gata. Ana kawo mata fura da nono, ana raɗa mata buri. Wani gwauro mai suna Ɗanlami har matashin kai na biyu ya saya, ya zo ya nuna mata, tunda an ce bana ba gwauron da zai rage. Kafin damina furar ta zama ruwa-ruwa. Bayan damina ba fura, sai ƙorafi. Masara ta yi tsada a Kasuwar Jiya-Ta-Fi, laifin Shekara. Gada ta karye, Shekara. Wani da bai yi shuka ba sam ya zo ya tsaya mata a ka yana tambayar ina hatsinsa.

"Ka shuka?" in ji Tasalla daga cikin mayafi.

"An ce shekarar yalwa ce. In sai na shuka, mene ne amfaninki?"

Kande kaɗai ke zuwa ba da faɗa ba. Takan zauna kusa, ta rage murya, ta karya doka.

"Ke Tasalla, akuyarki ta haihu. Biyu."

"Kai, madalla! Ɗakina fa?"

"Yana nan. Gara ta ɗan taɓa ƙyauren." Sai ta soma murza bakin zaninta. "Ni dai ba ƙorafi na zo ba. Amma maganar famfon nan..."

A Unguwar Haƙuri akwai famfo, dogo, kyakkyawa, an shafa masa shuɗin fenti. Bai taɓa ɗigo ba. Kowace shekara Sarkin Kirdado yakan hango ruwa a cikinsa, kowace shekara kuma Kande takan sayi sabon bokiti, don a ganinta bai kamata a tari ruwan farko da tsohon abu ba. Bokitan sun cika mata ɗaki, har ta koma kwana a rumfa.

"Kande, da wane hannu zan kawo ruwa? Ina zaune a nan kamar tulu."

"Na sani. Na dai ce ko za ki ɗan ƙoƙarta."

Abin da ke cin ran Tasalla bai wuce ɗaya ba: ɗakinta. Nan aka kai ta amarya, nan mijinta ya rasu, nan ƙarƙashin tsamiya take shanya kalwa. In aka share ta ta Ƙofar Sauka Lafiya, ita da ɗakin nan sai a mafarki.

Ranar ƙarshe ta zo. Da hantsi aka taru a kasuwa jin hasashen baɗi, aka zaunar da Tasalla gefe a kan turmi don ta ji abin da ta kasa. Sarkin Kirdado ya hau kan buhunan masarar da ba kowa ya isa ya taya ba, ya kare ido da tafin hannu, ya duba gabas. Mutum ne da ba ya gane ɗansa sai ya yi magana, amma baɗi tar yake ganinta.

"Na hango ta!" ya ce. "Baɗi ramukan hanya za su ji kunya su rufe kansu."

Aka yi tafi.

"Wutar lantarki za ta zo ta zauna, har sai kun roƙe ta ta je ta huta. Masara za ta yi arahar da kaji za su riƙa yi mata yanga. Gwauraye kuwa..."

"A ƙara matashi?" Ɗanlami ya ɗaga murya.

"Ƙara, ɗana. Famfon Unguwar Haƙuri kuma, ku gaya wa yara su koyi iyo."

'Yan Majalisar Gyaɗa Kai suka gyaɗa kai. Sarki ya aiko a ce yana nan yana shiri. Wani tsoho ya tambaya ko ba wannan aka faɗa bara ba, aka ce masa bara ai Shekarar ce ba ta da kirki, ga ta can a zaune.

Sai aka ɗauko tsintsiya.

A gaskiya mutanen Saibaɗi ba mugaye ba ne. Ba dukanta suke ba, sawunta suke sharewa, suna faɗa mata abin da ke ransu. "Tafi da tsadarki!" "Tafi da zazzaɓinki!" Wata mata ta ce ta tafi da ciwon bayan mijinta, da mijin ma in da hali. Kande na can baya, tana shara a hankali tana share hawaye da gefen mayafi. Aka rufe Ƙofar Sauka Lafiya, Tasalla ta tsinci kanta a bayan ganuwa, ita da ƙullin kayanta.

Ba ta gama tunanin inda za ta dosa ba sai ta ji gyaran murya. Ma'ajin Alkawari ne, babban ɗan majalisa mai kula da rumbun da ake tara alkawuran Sarki, tsaye a inuwar ganuwa da sabon mayafi kore a hammata.

"Sannu da aiki, Inna."

"Ranka ya daɗe, ai an gama da ni."

"Wato... an ɗan samu tangarɗa." Ya waiga hagu da dama. "Ba mu samu sabuwa ba. Duk matar da muka tuntuɓa sai ta ce ƙafa ke damunta. Garin nan kaf ba mace mai lafiyar ƙafa. Ga jama'a can sun tafi Ƙofar Marhaba suna jira."

"To, ni me zan yi?"

"Ki zagaya ta bayan ganuwa. Ba nisa."

Tasalla ta dube shi, ta dubi mayafin. "Ranka ya daɗe, ni ce fa. Yanzun nan suka share ni."

"Waccan shuɗin mayafi gare ta, Inna. Wannan kore ne."

Da farko ta so ta ce a kai kasuwa. Sai wata dabara ta faɗo mata. Za ta shiga. In ta isa tsakiyar taro sai ta yaye mayafin, kowa ya ga Tasalla ce dai ta ɗazu. In suka ga haka, dole su gane ba mai zama a ɗaki ce ke hana famfo ruwa ba, su juya su tambayi masu makullin famfon. Ita kuwa a bar ta ta koma ɗakinta, ta ga 'yan akuyarta.

"Miƙo," ta ce.

Da la'asar aka buɗe Ƙofar Marhaba. Kalangu ya ɗauka, mata suka saki guɗa. Tasalla na tafe a hankali, tana hango jama'a ta saƙar mayafi: Ɗanlami rungume da matashi na uku, mutumin da bai yi shuka ba ya zo da buhunan zuba hatsi, Kande a sahun gaba da sabon bokiti ja, ko takardar jikinsa ba a ɓare ba.

Iska ta kaɗo daga bayanta. Hancin sahun gaba ya motsa, na biyu ma ya motsa. Mai kalangu ya ɗan yi sanyi.

Tasalla ta tsaya cak, ta kama mayafin da hannu biyu ta yaye.

"Jama'a, ku dube ni da kyau! Ni ce Tasalla. Ni kuka share ɗazu, ko ƙurar tsintsiyarku ban kakkaɓe ba. Ba wata sabuwa, zagayowa na yi!"

Ba wanda ya yi mamaki, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan. Kowa ya sunkuyar da kai kamar an kama shi yana cin abinci a ɓoye. Ɗanlami ya ƙara matse matashinsa. Wasu suka saci kallon 'yan majalisa, suka ga dogarai tsaye a bayansu, suka maido da idonsu ƙasa.

Kande ce ta fito. Ta ajiye bokitin a hankali, ta zo dab da ƙawarta, ta kama bakin mayafin.

"Kande, gaya musu. Ke kin san ni."

"Na san ki mana. Tun daga ƙofa na ji ki." Ta rage murya. "Rufe, Tasalla, don girman Allah. Na riga na sayi bokitin."

Ta ja mayafin ta rufe mata fuska, ta gyara shi ta kowane gefe yadda ake gyara wa amarya. Sannan ta juya ta rangaɗa guɗa.

Kalangu ya dawo da ƙarfinsa. 'Yan majalisa suka gyaɗa kai. Wani daga baya ya ja dogon numfashi ya ce, "Kai, wannan ko ƙamshinta daban ne!"

Aka raka Sabuwar Shekara gidanta. An share ɗakin, an juya tabarmar, ga fura mai kauri a ƙwarya. Tasalla ta zauna tana jin Sarkin Kirdado daga waje yana maimaita maganar famfo, har ta kama kanta tana cewa a zuci, wa ya sani, ƙila bana.

Sai ta ji motsi a bayan ƙyaure. Dogarai ne ke jingine tsintsiyoyin jama'a a inda aka saba ajiye su, don kada a sha wahalar nema.