Ranar Da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina, da ranar da na tsaya a gaban manyan Damagaram na buɗe baki na kira sunan ɗan farina. Da ƙarfi kuwa, har da kirari.

Ku yaran yanzu za ku ce to mene ne a ciki? Ai kun saba ganin uwa ta tsaya a bakin ƙofa tana ƙwala wa ɗanta na fari kira kamar mai tallan kifi. Mu a zamaninmu ba a yi. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, in wani ya yabe shi ma sai uwa ta sunkuyar da kai ta ɗauko zancen tsadar gishiri. Ni kuwa a unguwarmu ta Birni ni ce gwanar wannan. Da ni ake yi wa amare misali. Tun da na yaye shi na miƙa wa uwar mijina, "Wancan" nake ce masa. Akwai wani mai gawayi da suke suna ɗaya, na shekara da shekaru ina saye a wurinsa, bai taɓa jin na kira shi da komai ba sai "kai mai gawayi". (In kuna jiran in faɗa muku sunan a nan, ku gyara zama, za ku daɗe.)

Abu na biyu da aka san ni da shi, baki ne. Ban taka lakwal, wato makarantar boko, ba ko da ɓatan hanya, amma in na zauna tatsuniya har manya ke laɓewa a bayan zana. Ina kuma da doka: ba a katse ni, kuma ba a tashi sai na kai ƙurunƙus. Ku riƙe wannan dokar, za ta dawo.

Wancan ya yi karatu har Yamai, a babbar makaranta, wai ya karanci ruwa. Ranar da aka faɗa mini sai da na yi dariya, na ce ruwan da muke sha tun kaka da kakanni shi ne sai an je Yamai? Ashe ruwan ƙarƙashin ƙasa ake nufi, inda yake kwance da yadda ake kai gare shi. Ya dawo da difilom ɗinsa daidai lokacin farin nan na biyu, wanda ya zo ya ƙarasa 'yan shanun da na farko ya bari. Sama ta ƙi mu. Tabkuna suka bushe har ƙasa ta tsattsage. Mata na layi a fanfo da tuluna tun kafin rana ta fito, tuwo kuwa sai na jar dawar taimako, wanda in ya huce za ka iya jifan kare da shi.

To ga gari na kukan ƙishirwa, ga mutum ya karanci ruwa, amma aka ce ya zauna ya jira a kira shi aiki. Abokin karatunsa ɗaya an sa shi a buro, ofishin gwamnati, yana buga hatimi a takardun haihuwa, wani yana koya wa yara lissafi. Shi da ya gaji da jira sai ya tattara ya tafi Zermu wurin ƙanena, yana bin ƙauyuka yana taya mutane yashe rijiyoyi da ƙara musu zurfi. Labari na zuwa mini cewa ya nuna wuri an haƙa an samu. In na ji, cikina ya cika fal da daɗi, fuskata kuwa kamar an ce mini akuyar maƙwabta ta haihu.

Rannan da hantsi muna surfe a tsakar gida da matan unguwa, har da wata amarya da aka turo ta koyi zama a wurina, sai mota ta tsaya a ƙofa. Malam, maigidana, ya fita kasuwa, don haka ni na yafa mayafi na fito zaure, matan suka biyo ni suka laɓe suna kasa kunne. Baƙon dogo ne mai tabarau. Mushe ne, wato malamin boko, daga makarantar su Wancan, asalinsa mutumin Togo. Hausarsa ras, amma ta kasuwa ce da buro, bai taɓa zama a tsakar gidan Bahaushe ba.

Bayan mun gaisa ya ce, "Mama, makarantarmu ta daɗe tana yaye yara tana sakinsu, ba ta bin sawunsu. Yanzu ƙasa na neman masu sanin ruwa ido rufe, mu kuma ba mu san inda namu suka faɗa ba. Shi ne aka aiko ni gari gari in gano wa ke aikin da ya karanta, wa ke wani abu dabam, wa ke zaune. Waɗanda hannunsu ke cikin aikin za a ɗauke su haƙar rijiyoyi a yankin nan. Muna kuma so mu ji abin da karatunmu ya rasa, mu gyara."

Sai ya ambaci sunan, ya ce, "Ɗanki ne?"

Ina jin numfashin matan nan a bayana. Na gyara mayafi na ce, "An dai ce a gidan nan aka haife shi."

"Ina yake yanzu?"

"Wa ya sani? Yana can yana yawonsa."

"Yana aikin ruwa kuwa?"

"Wancan? In ya iya kai moɗa bakinsa ba tare da ya jiƙa riga ba, ai an gode Allah."

Na ji wata a baya ta ce "uhm" irin na yabo. Shi ke nan, an kunna ni. (Matsalar mai baki ke nan, in ya samu masu sauraro ba ya sanin wurin tsayawa.) Na ce ni ban ga abin da suka koya masa ba sai barci da cin tuwo. Mushe ya cire tabarau ya goge, ya ce a hankali, "Mama, shi ne fa ya fi kowa a ajinsu."

Na ce, "To ajin nasu abin tausayi ne."

Ya yi ɗan rubutu, ya yi godiya, ya shiga mota. Matan suka rufe ni da yabo, wata ta dafa amarya ta ce, "Kin gani ko? Wannan ita ce kunya ta asali." Ranar ko tafiyata sai da ta canza. Ni a sanina ban yi laifi ba, don duk ɗan Damagaram da ya ji wannan zance zai juya shi ne ya karanta: gwargwadon yadda uwa ta kushe ɗan farinta, gwargwadon yadda yaron ya isa.

Washegari da safe sai ga Rahila, maƙwabciyarmu. Kirista ce, ungozoma a asibiti, ita ta karɓi haihuwar autata. Ashe a gidansu mushen ya sauka, don cocinsu ɗaya. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Yaya, me kika yi wa baƙonmu jiya? Mutum ya dawo da rana ya kasa cin abinci. Ya ce ɗalibinsa mafi ƙwazo ya lalace, uwarsa ce ta faɗa da bakinta, don haka ya cire shi daga waɗanda za a ɗauka. Yanzu haka ya tara mutane a lakwal ɗin bakin kasuwa zai faɗi waɗanda aka zaɓa, daga nan ya wuce Mirriya. To da ya gaya mana haka, sai ni da maigidana muka..."

Ban ji sauran ba. Na fizgi mayafi na yi waje. Ina jin ta a baya tana cewa, "Yaya, tsaya! Ban gama ba!" Ina! Ko takalmi ban duba ba, ɗaya nawa ɗaya na Malam. Abin da ke kaina ɗaya ne: yaron nan ya sha wahalar karatu, ya sha zaman jira, ga aikin da aka halicce shi dominsa ya zo har zaure, ni da harshena na kore shi don a ce mini mai kunya.

Na tarar da harabar lakwal cike. An jera bencina, ga masu unguwanni da rawunansu, ga ma'aikatan buro, ga samari masu difilom. Mushe na tsaye a gaba. Ban dubi kowa ba, na ratsa na tsaya a gabansa, na juya wa jama'a baya, na ce, "Mushe, dakata! Ƙarya na yi maka jiya!"

Sai na kira sunan. Ni da kaina na ji shi baƙo a bakina, kamar na tauna abin da ban taɓa ci ba. Na sake kira, na ce, "Ɗana ne, ni na haife shi, shi ne na fari!"

Mushe ya ɗaga hannu ya ce, "Mama, ai..."

Na ce, "Ba a katse ni!"

Daga nan bakin ya ƙwace. Abin da na danne tun ranar sunansa ya ɓalle kamar an fasa randa. Na ce mai jin numfashin ruwa a ƙarƙashin dutse! Wanda ya taka faƙo ya ce a haƙa, aka haƙa guga ya fito yana ɗiga! Na lissafa ƙauyukan da ya shayar, har da waɗanda nake yi kamar ban ji labarinsu ba. Da na tsaya a nan da sauƙi. Sai na koma yarintarsa. Na faɗi yadda nake fakewa da neman tsintsiya in leƙa ɗakin uwar mijina don in ga yana barci. Na tona yadda nake binne masa tsokar nama a ƙarƙashin tuwo, in an gani in ce kuskure ne. Na rufe da guɗa. Ni, uwar ɗan fari, na rangaɗa wa ɗana guɗa a gaban rawuna.

Sai na ji wani tari a bayana, tarin da na sani tun ina amarya.

Na juya a hankali. A bencin gaba ga Malam zaune. Ga wansa, surukina, wanda ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. A tsakiyarsu kuwa ga Wancan, da taɓon Zermu a ƙafar wando, ya cusa kansa tsakanin gwiwoyi.

Daidai nan Rahila ta iso tana haki, ta ƙarasa zancenta daga inda na bar shi, a gaban kowa: "...sai muka yi masa bayanin kunyar ɗan fari, ya yi ta dariya, ya mayar da yaron cikin waɗanda za a ɗauka. Maigidana ya hau moto, babur ɗin nan nasa, tun jiya ya tafi Zermu, yau suka wuto nan kai tsaye. Abin da na zo faɗa miki ke nan, Yaya!"

(Shi Malam a masallaci ya ji tun da asuba. Da na tuhume shi daga baya sai ya ce, "Ba ke kika hana a yi miki zancensa ba?")

Dariyar da aka yi ranar, a cikin wannan yunwa, ina jin sadaka na yi wa garin. Wani mai unguwa yana share hawaye da bakin rawani ya ce, "Baiwar Allah, a maimaita mana na tsokar naman." Mushe kuwa ya ce, "Mama, na zagaya garuruwa ina neman labarin ɗalibaina, ban samu cikakken bayani irin naki ba." Na ja mayafi na rufe fuska, na kama hanyar gida, takalmin Malam na yi mini tafi a ƙafa ɗaya.

An ɗauki Wancan. Ya yi rijiyoyi daga Mirriya har Damagaram Takaya. An ce ranar ma ya gaya wa mushe cewa a makaranta da manyan injuna aka koya musu, a ƙauye kuwa igiya ce da diga, kuma daga baya sai da aka riƙa turo ɗalibai ƙauyuka kafin a ba su difilom. Ni dai sarautar kunya ta faɗi. Aka daina turo mini amare, aka koma gayyata ta biki in yi kirari. Sunan kuwa ban sake furta shi ba har yau.

Rahila ce ta gaya mini, bayan an kwana biyu, cewa da aka watse ranar, Wancan ya biyo ta bakin ƙofar lakwal, idonsa ja, ya ce mata, "Ashe Inna ta san sunana." Na ce mata hayaƙin murhu ne ya shige mini ido, ita kuma ta yi mini kara ba ta ce ba a hura wuta ba.

Abin da na koya, in baƙo mai tabarau ya zo tambaya, a fara gano a tsakar gidan wa ya girma kafin a yi masa kunya. Sai kuma dokar nan tawa da na daɗe ina ɗora wa yara, ashe ni ma ta hau kaina: ba a tashi sai an kai ƙurunƙus. Tun daga ranar, in Rahila ta buɗe baki, zama nake yi daram har ta rufe shi, ko da tukunyata na ƙonewa.