Rasuwar Ɗan Shuɗi, Katin Zuliha

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da sallamawa ga abin da ba makawa sai ya zo, ni Alhaji Hambali mai injin casar shinkafa a Kura, a madadin kaina da mai ɗakina Hajiya Iyatu da 'yarmu Zuliha, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Kura da Bunkure da Kadawa, har zuwa Madobi, rasuwar katin bankinmu da aka fi sani da Ɗan Shuɗi. Ya rasu a ƙasar Malesiya a ƙarshen watan Satumba na wannan shekara ta 2009, yana bakin aikinsa, bayan doguwar jinya. Shekara uku ya yi a duniya, kuma in ban da makonsa na farko, duk a baƙunta ya yi su.

Ga waɗanda ba su san asalinsa ba, a daminar 2006 ne Zuliha, 'yata ta uku, tana da shekara goma sha bakwai, ta samu gurbin karatun injiniyan ban-ruwa a wata jami'a ta can. An ɗauke mata kuɗin makaranta, ci da sha da sutura kuwa aka bar mini. Da murna ta lafa sai tambaya ta taso: ta yaya guzuri zai riƙa isa hannun yarinyar da ko Zariya ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba? Yayana Baballe ya kawo shawara irin ta mutanen da, ya ce a je Wapa wurin 'yan canji a sayo dalar shekara guda, a ɗinke mata a ɗamara, yadda ya yi da ya je aikin hajji. Hajiya Iyatu ta ce ita ba ta haifi 'ya don ta zama asusu mai ƙafa ba. A nan maganar ɗamara ta kwanta.

Sai na ɗauki Zuliha muka shiga Kano. A banki wata ma'aikaciya mai haƙuri, Malama Ni'imatullahi, ta jera mana kati uku a tebur kamar masu neman sarauta. Na farko kore ne, amma naira kaɗai ya sani, da ya tsallake iyaka sai ya kurmance. Na biyu ruwan zinare, sai ƙyalli yake. Aka ce mai kyauta ne, ko ba komai a cikinsa zai biya, daga baya ya dawo ya karɓa da ruwa a kai. Na ga idon Zuliha ya tsaya a kansa, sai na shaida wa Malama cewa mu a Kura gona muke bai wa ruwa, ba kuɗi ba. Na uku shi ne marigayi. Shuɗi ne kamar bular wanki, ba ado ba kwalliya. Abin da aka zuba masa shi yake bayarwa, in ya ƙare ya ce babu, ba ya jin nauyin kowa. Kuma duk sa'ad da aka taɓa shi, sai ya aiko da saƙo wayar mai ciyar da shi. Ina jin wannan na ce a ba mu shi.

Zuliha ta ce, "Baba, wannan ai ba kati ba ne, ɗan rahoto ne."

Na ce to, ai shi ya sa. Aka buga sunanta a jikinsa, aka ɗaura masa lambar wayata.

Marigayi ya kasance mai gaskiya, mai gudun bashi, mai sada zumunci. Zuliha ni ta gado wajen ƙarancin magana. Ka kira ta daga nan har bangon duniya, ka ƙona katin waya guda, abin da za ka samu shi ne lafiya lau. Karatu lafiya lau, abinci lafiya lau, garin ma lafiya lau. Ɗan Shuɗi ne ya riƙa cike mana gurbin. Tsakar ranarsu ita ce sanyin safiyarmu, don haka sau da yawa ina dawowa daga masallaci, ko ina tsaye bakin kanal ina jiran a sako ruwa, sai in ji shi a aljihu: ɗin-ɗin. In duba, in ga sunan kantin da ke ƙasan ɗakin kwanan ɗalibai, in san ta tashi, ta fita da ƙafafunta, ta sayi burodi ko sabulu. Hajiya kuwa ko tana can ƙarshen gida gaban tukunyar turara shinkafa, muryarsa ba ta wuce ta.

Ba za mu ɓoye ba, yana da ɗan tsegumi. Ya taɓa kawo mini labarin kantin takalma sau biyu a wata ɗaya, na kira aka ce mini ɗaya na ruwan sama ne. Akwai kuma lokacin da ya dage da ambaton wani Razak, yau Razak, jibi Razak, har Hajiya ta daina cin abincin kirki, ta fara lissafin yadda za ta yi da suruki mai yaren da ba ta ji. Da aka matsa bincike, ashe Razak wani tsoho ne mai shagon buga takardu a ƙofar makaranta, jikokinsa ma sun girmi Zuliha. Mun yafe wa marigayi wannan tun yana raye.

Babbar hidimarsa kuwa ya yi ta ne a shekararsa ta biyu, ana tsakiyar ɗiban tumatir. Haka kawai ya yi shiru. Kwanaki suka shige ba ɗin-ɗin. Na kira Zuliha, ta ce lafiya lau, karatu ne ya yi yawa. Ni na yarda. Uwarta ba ta yarda ba, ta ce karatu ba ya hana mutum sayen sabulu. Wata safiya muna karyawa sai ya yi magana, amma ba sunan kantin da muka saba ne ya fito ba. Asibiti ne. Ban gama karantawa ba Hajiya ta fizge wayar ta kira. Baƙuwar murya ta ɗauka, Halimatu Sa'adiyya, 'yar Gombe da suke ɗaki ɗaya. Ta ce zazzaɓin da sauron ƙasar ke kawowa ne ya kayar da Zuliha, ta hana a gaya mana. Yanzu likita ya duba ta, ya ce sai an ba ta gado an ƙara mata ruwa, asibitin kuma yana son a ajiye wani abu tukuna, abin da ya rage a katin bai kai ba.

A wancan makon tumatir ya faɗi warwas, kwando ko kuɗin motarsa ba ya fitarwa. Na buɗe ɗakin da na ajiye shinkafa shanshera, wadda ba a casa ba, ina jiran tsada, na sayar wa maƙwabcina yadda ya taya. Baballe, wanda tun maganar ɗamara bai sake ambaton katin ba, ya fito da babur ɗinsa ya ce in hau. Muka yi Wapa muka sayi dala, daga nan muka yi banki. Malama Ni'imatullahi ta karɓa ta zuba, amma ta ce ba ta yi mana alkawari ba, wani lokacin sai washegari yake isa. Muka zauna a bencin ƙofar banki, dattawa biyu da waya ɗaya, Baballe yana jan carbi, ni ko carbin ma na kasa ja. Ana kiran azahar muka ji shi: ɗin-ɗin. Sunan asibitin ne, an biya, an ba ta gado. Tunda nake ban taɓa murnar fitar kuɗi daga hannuna kamar ranar ba. Baballe ya share ido da gefen hula, ya ce hayaƙin babur ne, sannan ya ce, "Ashe robar nan ta fi jirgi sauri."

Zuliha ta warke. Faɗan da uwarta ta yi mata na ɓoye ciwo kuwa, ya ci katin waya fiye da duk gaisuwar shekarar.

Jinyarsa ta ƙarshe ta faro ne tun bara, da aka manta shi a aljihun doguwar riga ya shiga injin wanki. Ya fito da ransa, amma shuɗinsa ya dushe, sai kuma tsaga ta bayyana a gefensa. Zuliha ta manne shi da salatif. Daga nan numfashinsa ya yi nauyi, sai an sa shi a na'ura sau biyu ko uku, an goge shi da gefen mayafi, kafin a ji ƙurrr ɗin nan nasa na ƙirga kuɗi. Bai taɓa ƙin aiki ba, sai dai jinkiri. Mu ma mun san lokaci ya kusa, domin shi ajalinsa a fili aka buga masa a ƙirji, wata da shekara.

Da lokacin ya gabato, Malama Ni'imatullahi ta kira ni ta ce ko a yi masa magaji. Na kira Zuliha in ji inda za a aika mata sabon. Sai ta shaida mini cewa sashensu ya ɗauke ta aiki a ɗakin gwajin ƙasa da ruwa, ana ba ta alawus, har ta buɗe asusu nata na kanta a can.

Ta ce, "Baba, ka huta haka nan. Ka sa kuɗin a gyaran inji."

Na ce ai katin bai yi mini nauyi ba.

Ta ce, "Na sani, Baba."

Don haka marigayi bai bar magaji a gidanmu ba. Wanda ya hau kujerarsa ɗan can ne, an ce fari ne mai kyan gani, amma bai san lambata ba, ba kuma zai sani ba. Wannan shi ne abin da ya fi taɓa ni a rashin nan, kuma duk wanda ya zo ya ce mini ai abin murna ne, na riga shi sani, ya dai bar ni in yi jimamina.

Aikinsa na ƙarshe a duniya shi ne sayen wata 'yar na'ura ta gwada danshin shinkafa, wadda Zuliha ta zaɓa mini da abin da ya rage a cikinsa. Washegari wata ya kama. Ta miƙa shi a kantin nan na ƙasan ɗakinsu don ta ga ko da sauran rai, na'ura ta yi tsaki mai tsawo, tiiit, shi ke nan. Halimatu Sa'adiyya, da ta gama karatu ta dawo gida, ita ta rako gawarsa tare da na'urar gwada danshin.

Ya rasu ya bar lambar sirrinsa, marayu huɗu da ba su da sauran ƙofar da za su buɗe. Ya bar 'yar jakar fata da Hajiya ta sa aka ɗinka masa a kasuwar Kurmi, da tsohuwar wayata mai tocila, wadda tun ranar take kwana ta tashi ba mai yi mata magana sai dillalan shinkafa. Ya kuma bar yarinyar da ya raka tana 'yar sha bakwai mai tsoron hawa jirgi, yau ga ta da aikinta da asusunta, tana shekarar ƙarshe.

Za a yi bankwana da shi ranar Asabar mai zuwa da safe, a zauren da ke jikin injina, kuma za a kashe injin don girmamawa. Na tuntuɓi limamin unguwarmu, ya ce roba ba a yi mata salla, ba ta kuma da hisabi, sai dai a ce Allah ya musanya da mafi alheri. Banki sun ce a al'adarsu da almakashi ake raba irinsa gida biyu. Hajiya ta ce ba a gidanta ba. Baballe ya ce ba da hannunsa ba. Saboda haka za a naɗe shi a farin hankici, a kwantar da shi a ƙasan adakar Hajiya, ƙarƙashin zannuwanta na biki. Akwai dafa-duka ta shinkafar bana da kunun gyaɗa. Kada kowa ya kawo gudummawar kuɗi, marigayi bai taɓa karɓa a hannun baƙo ba.

A ƙarshe muna roƙon masu ta'aziyya da su yi shiru in hantsi ya ɗaga. Zuliha ta yi alkawarin daga yanzu duk Asabar za ta kira da kanta, ta kuma yarda za ta faɗi abin da ya wuce lafiya lau. Uwarta ce farko, sai ni, sai Baballe. Duk mai son gaisawa da ita ya bi layi, amma ya taƙaita, don yanzu ita ke biyan kuɗin kiran.